Nomau Mai-Igiya da Ƙasar Marmarawa

A zamanin da aljanu ba su daina cin kasuwa da mutane ba, an yi wasu ƙasashe biyu maƙwabtan juna, Zamburu a arewa, Kwaltam a kudu, waɗanda suka shekara goma sha ɗaya suna yaƙi a kan iyaka. Sai da maza suka ƙare, dawakai suka rame, sannan Sarkin Zamburu da Sarauniyar Kwaltam suka tuna ashe ana iya yin sulhu. Suka haɗu a rumfa guda, aka shimfiɗa musu taswirar da aka zana a kan fatar bijimi. Suka ɗora sanda a kanta daga Dutsen Gauraka a gabas zuwa Tafkin Gishiri a yamma, suka ja layi da gawayi. Babu ɗayansu da ƙafarsa ta taɓa taka wurin. A tsakiyar fatar, daidai inda layin ya ratsa, mai zane ya rubuta, “Nan babu kowa.”

Don kada a sake komawa faɗa, sarakunan suka karɓo wata igiya daga hannun wani maƙerin aljani. Baƙa ce, tufka biyu, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, kuma ba ta ƙarewa komai nisan da aka ja ta. In aka nuna mata gaba sai ta miƙe samɓal, ba ta kauce wa dutse, ba ta kauce wa ruwa. Duk inda aka kafe ta da turke, na wannan gefe ba zai ƙara ganin na wancan gefe ba, ba zai ji muryarsa ba, ko ya tsallaka fili kawai zai tarar. Aka gwada ta a gaban rumfar, tsakanin wata kaza da ’ya’yanta. Kazar ta wuni tana kuka tana kewaye, ’yan tsakin kuwa suna gabanta taku biyu. Da yamma maƙerin ya zare igiyar da hannunsa, ya ce wannan ce zarewa ta ƙarshe, ya ɓace.

A cikin masu kallo akwai Nomau Mai-Igiya, mai awon gonakin Zamburu. Da ya leƙa fatar nan sai ya ga ashe wurin da aka ce babu kowa nan aka haife shi. Ƙasar Marmarawa ce, mutanen da suke zaune a kan jan dutsensu tun kafin a aza tubalin ganuwar Zamburu. Ubansa bafatake ne, ya ɗauko shi yana shekara bakwai ya kawo shi birni, uwarsa Tabawa tana can har yanzu. A birni bai taɓa gaya wa kowa asalinsa ba, in ban da matarsa Ladidi da ’ya’yansu uku, don ’yan birni dariya suke yi wa Marmarawa. Ya san in igiyar nan ta bi layin gawayi, garin uwarsa za ta tsaga gida biyu. Kafin a nemi mai ɗaukar aikin ya faɗi gaban Sarki ya ce shi zai je.

Kwaltam ta haɗa shi da mai shaida, wani ƙato mai tumbi ana ce masa Barmo, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in akwai abinci a ciki. Suka ɗora wa jaki turakan itacen ƙirya da guduma, suka kafa na farko a gindin Dutsen Gauraka, igiya ta zabura yamma kamar macijiya. Duk taku dubu sai su buga turke, su kuma suna daga gabansa don kada igiyar ta raba su. Suna ji suna gani ta raba wata kuka biyu, ta raba suri, ta raba garken barewa, rabin garken ya tsaya yana waige-waige. Barmo ya ce aiki na kyau.

Ran kwana na tara suka iso wani kogi da yake gangarawa gabas da safe, in rana ta karkata ya juyo yamma. A bakinsa wani aljani na zaune cikin kwalekwale, kansa na kada ne, ya naɗa masa rawani tsaf.

Aljanin ya ce, “Ya ku ’yan Adam masu ɗauke da baƙar igiya, da izinin wa za ku yanka mini ruwa?”

Barmo ya zaro takarda mai hatimi biyu ya ce, “Da izinin Sarkin Zamburu da Sarauniyar Kwaltam, Allah ya ja zamaninsu.”

“Ban san su ba. An haifi kakanninsu ina nan ina fito. Ku gai da kogin da sunansa, in ya amsa ku wuce.”

Barmo ya buɗe taswira ya karanta da ƙarfi, “Barka da rana, Kogin Sarauniya!” Kafin ya rufe baki ruwa ya taso ya kai musu ƙirji, jaki ya fara iyo, turaka suka fara bin ruwa. Nomau ya runtse ido, ya tuno kogin nan ne yake bi ta garinsu, ya tuno uwarsa tsugune tana wanke ƙwarya tana magana da ruwan. Ya ɗaga murya ya ce, “Komau, sannu da dawowa.” Ruwa ya ja da baya har yashi ya bayyana.

Aljanin ya dube shi ya ce, “Ɗan gida ne kai, ka zo yi wa gida aikin baƙi. Wuce. Ba ni da ikon tare igiyar nan, amma ban sa maka albarka ba.”

Da suka haye Barmo ya matse rigarsa ya ce, “Ashe kai Bamarmare ne? Shi ya sa tun da muka taso kake tafiya kamar an aike ka gaisuwar mutuwa.” Nomau ya gaya masa gaskiya duka. Barmo ya yi tsaki ya ce shi dai shaida aka aiko shi, ba sasanci ba.

Bayan kwana huɗu, a cikin wani daji da itatuwansa ba su da inuwa, suka ci karo da rabin mutum. Ido ɗaya, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, yana tafe yana tsalle. Da ya hangi igiyar sai ya yi dariya da rabin baki.

Ya ce, “Marhabin da tsohuwar abokiya! Har yanzu ana ba ki aiki?”

Nomau ya gaishe shi ya ce, “Bawan Allah, ka san ta ne?”

“Ita ta mai da ni haka. Wasu sarakuna biyu ne suka ja ta shekara ɗari uku da suka wuce. Aka ce in tashi daga gonata, na ce ba inda za ni, ta bi ta kaina. Sarakunan sun mutu, biranensu sun zama kufai, iyakar tana nan daram. Ɗaya rabin nawa yana wata ƙasa, ban san ko ya ci abinci yau ba.”

“Babu yadda za a yi ta kauce wa gari?”

“Akwai, amma ba a banza nake faɗa ba. Akwai wani wuri a bayana da hannu ɗaya ba ya kaiwa. Shekara ɗari uku ban sami mai sosa mini ba.”

Barmo ya naɗe hannun riga ya shiga susa. Tun rana na tsaka har ta karkata yana yi, farcensa biyu suka karye, rabin mutum yana lumshe ido yana cewa ƙasa kaɗan, sama kaɗan. Da ya gamsu ya ce, “Ba ta lanƙwasa, amma tana warwarewa, tun da tufka biyu ce. Mai warware ta ɗaya ce a duniya, Uwar Marmara, wadda take ƙarƙashin garin da kuka nufa.” Ya yi tsalle uku ya shige daji.

Ran kwana na ashirin suka buga turke a gefen ƙasar Marmarawa ta gabas, suka ɗaure kan igiyar a jikinsa tana fizge-fizge. Nomau ya tsuguna ya auna da ido. In aka sake ta, za ta bar gidaje a arewa, rijiya da gonaki a kudu, ta ratsa maƙabarta, ta bi ta tsakar gidan uwarsa tsakanin ɗaki da murhu.

Suka tarar da Tabawa tana sussukar gero, tsohuwa siririya, ƙafafunta sun yi ja da ƙasar wurin. Nomau ya durƙusa ya ce, “Inna, mun same ku lafiya?” Ta amsa tana kallon turmi. Barmo kuwa ta tare shi da fara’a, ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura, ta ce, “Baƙo, in ka sha ka miƙa wa wancan.”

Barmo ya matso ya rage murya ya ce, “Kai, me ka yi wa tsohuwar nan?”

Nomau ya ce, “Ba komai. Ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kuma kallona a gaban mutane. Kunya ce, a nan kuwa sun fi kowa riƙe ta.”

Marmarawa ba su san awo da igiya ba. Su a wurinsu ƙasa ta kai iyakar inda ake tuna sunanta. Kowace shekara bayan girbi, gari duka yake fita ya kewaye ƙasar a ƙafa, wata tsohuwa da ake kira mai kewaye tana gaba, tana kiran kowane tudu da kwari da sunansa, sannan ta kira matattu, sannan rayayyu. Mai kewaye ba ta fita daga ƙasar har ta mutu. A wannan zamanin Tabawa ce. Da Nomau ya yi wa dattawa bayani, ita ce ta tashi ta yafa mayafi ta ce a biyo ta.

Ta kai su wata tsaga a jikin marmara, suka sunkuya suka shiga, suka yi ta gangarawa har suka faɗa wani zaure da mahayin raƙumi zai ratsa bai sunkuya ba. Ƙananan ƙore dubbai suna rataye a rufinsa, kowace da cibiyar ɗan gari a cikinta. A tsakiya wata tsohuwa na zaune, jikinta jan dutse, gashinta saiwoyi, tafin hannunta ya kai faɗin tabarma.

Ta ce, “Wane ne wannan da yake warin birni, alhali cibiyarsa tana rataye a kaina?” Ta miƙa yatsa ta taɓa wata ’yar ƙwarya, Nomau ya ji taɓin a cibiyarsa.

Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, “Ranki ya daɗe, uwar ƙasa, jikanki ne. Na zo da abin da zai yanka ki, ina roƙo ki raba shi biyu.”

“Ka san abin da kake roƙo? In na warware ta, tufka ɗaya za ta bi arewa, ɗaya ta bi kudu, su sake haɗuwa a yamma. Abin da ke tsakaninsu zai fita daga idon duniya. Sarkinka zai ga layinsa a miƙe, sarauniyar wancan mai tumbin ma haka, ba wanda zai san an rage masa ko taki.”

Barmo ya yi gyaran murya ya ce, “Ranki ya daɗe, ni fa rantsuwa na yi zan faɗi abin da na gani.”

“Me taswirarku ta ce akwai a nan?”

“Ta ce babu kowa.”

“To ka je ka shaida haka.”

Barmo ya sosa ƙeya, ya ga lallai ba a sa shi ƙarya ba, ya amince.

Uwar Marmara ta ce, “Ku ji sharaɗi, sau ɗaya nake faɗa. Daga yau igiyar nan murya za ta bi, muryar mai kewaye ita kaɗai. Duk wurin da ta kira da sunansa a fili yana ciki. Duk mutumin da ta kira, ko a waje yake zaune, ƙofa a buɗe take gare shi, ya shiga ya fita. Wanda ba ta kira ba bare ne, ko da cibiyarsa na nan. Mai riƙon igiya kuwa a waje zai tsaya. Ku sani, in tufka biyun suka hangi juna babu mai iya riƙe su da daɗewa.”

Da suka fito suka tarar igiyar ta riga ta rabu biyu a jikin turke.

Washegari da hantsi aka fara kewaye ta arewa. Nomau yana riƙe da tufka ɗaya, Barmo na bin sa da guduma, Tabawa na tafe ta ciki, gari duka a bayanta. Ta kira Gangaren Kuka-Uku, igiya ta karkata ta rungume shi. Ta kira Inda-Giwa-Ta-Durƙusa, ta kira Fadamar Makafi, ta kira wani ɗan dutse da ko akuya ba za ta kula shi ba, ashe shi ma da sunansa. Nomau ya shekara ashirin yana awon ƙasa, ran nan ya ji kunyar sana’arsa. Kwana biyu suka yi kafin su kai yamma, suka kafe kan tufkar a can, suka koma gabas ɗauko ta biyun.

A kan hanyar komawa ya sami uwarsa ita kaɗai tana cire ƙaya a ƙafa. Ya tsuguna nesa kaɗan ya ce, “Inna, kin dai ji abin da aka ce. Ina da yara a birni, ba zan iya zama ba. In ba ki kira ni ba, shi ke nan.”

Ta dubi jakin da ke kiwo a gefe ta ce, “A gaya wa mai maganar na ji.”

“Sau ɗaya ne tak, Inna.”

“In an kai can a gani.”

Ta kudu aka gamu da asara. Akwai wata sabuwar gona da wani mutum ya sare bara, dawa ta yi kyau a cikinta, amma ba a riga an raɗa mata suna ba. Tabawa ta tsaya, dattawa suka shiga gardama, wannan ya ce a kira ta kaza, wancan ya ce ba a raɗa wa ƙasa suna sai ta shekara uku. Igiya ba ta jira su ba. Ta fizge ta wuce ta bar gonar a waje, mai gonar yana tsaye yana kallo dawarsa ta ɓace masa. Nomau ya saci kallon uwarsa ko ta ɗauki darasi, ita kuwa ta riga ta yi gaba.

Ran kwana na biyar, rana na tsaka, suka hango turken yamma. Nan take tufkar da ke hannun Nomau ta yi tsalle, wadda aka kafe ta tumɓuke turkenta. Barmo ya jefar da guduma ya faɗa mata ya danne da tumbinsa. Tsakanin kawunan biyu bai fi taku goma ba. Nomau da Barmo suna waje, Marmarawa sun yi cincirindo a ciki, Tabawa tana tsaye a bakin gibin.

Ta fara da matattu, kamar yadda aka saba. Ta kira su zuriya bayan zuriya, ba ta tsallake ko jaririn da bai kwana ba. Gibi ya koma taku bakwai. Ta shiga rayayyu daga babba zuwa ƙarami, duk wanda ta kira ya ce, “Ina ciki.” Igiya ta yanka tafin Nomau, jini na bin gwiwar hannunsa. Da Tabawa ta zo kan sa’o’insa ya kasa kunne. Ta kira wanda ya girme shi da wata biyu, ta tsallake shi, ta kira wanda ke bin sa. Gibi ya koma taku huɗu.

Ta gama da jaririyar da aka haifa makon jiya. Sannan ta kira Ladidi, ta kira jikokinta uku ɗaya bayan ɗaya, muryarta ko rawa ba ta yi. Nan ta tsaya.

Barmo, da igiya ke jan sa a ƙasa, ya yi ihu, “Inna, saura ɗaya! Don girman Allah ki faɗa, hannuna zai cire!”

Tabawa ta ce, “Da uban yaran nan.”

Igiya ba ta san wannan ba. Gibi ya koma taku biyu.

Wani dattijo ya ce, “Tabawa, mun yafe miki, faɗi.” Mata suka juya baya don su rage mata nauyi, maza suka sunkuyar da kai. Nomau bai roƙe ta ba, ƙarfinsa duka yana hannu, amma tsoro ya cika shi irin wanda bai ji ba ko a gaban mai kan kada. A karo na farko tun yana goye uwarsa ta ɗago ta dube shi ido cikin ido a gaban jama’a. Hawaye na zuba a fuskarta. Ta buɗe baki ta rufe, kunyar shekara arba’in da biyar ta danne mata harshe. Ta ja mayafi ta rufe fuska, daga ƙarƙashinsa ta ce, “No…”

Igiya ta ƙwace daga hannun Barmo. Tufka biyu suka haɗu suka murɗe da ƙara kamar bulala.

Babu gari, babu mutane, babu kukan jaririya. Jan fili ne kawai shimfiɗe, baƙar igiya ta ratsa shi a miƙe daga gabas, kanta yana fizga yana neman Tafkin Gishiri. Garin ya tsira, rijiyarsa da gonakinsa da kaburburansa duk a wuri ɗaya. Ladidi da yara za su iya zuwa duk ran da suka so, su sha furar tsohuwa, su dawo su ba shi labari.

Barmo ya tashi yana haki, ya ɗauko guduma ya buga turke, don aikin ba ya jira. Sannan ya dafa kafaɗar abokin tafiyarsa ya ce, “Wataƙila ta ƙarasa daga ciki.”

Nomau ya tako zuwa daidai inda uwarsa ta tsaya, ya durƙusa a kan dutsen mai zafi kamar yadda ake durƙusa wa iyaye, hannayensa na ɗigar da jini, ya ce, “Na’am, Inna.”